Yadda Sarakuna Suka Fara Soyayya da Waƙa a Silimar Jamus

A watan Satumba na 1922 wasu Jamusawa uku, Hans Vogt da Josef Engl da Joseph Massolle, suka tara jama'a a wani gidan silima a Berlin, suka nuna musu hoto yana motsi yana magana. Sun gano dabarar ɗora sauti a jikin zaren fim ɗin kansa, suka raɗa mata suna Tri-Ergon, wato aikin mutum uku. Aka yi mamaki, aka watse. Masu kuɗin harkar ba su ga abin zuba jari ba, domin fim marar magana yana shiga kowace ƙasa ba sai da tafinta ba. A canza ɗan rubutun da ke fitowa tsakanin fage da fage, shi ke nan.

Sai da Amurka ta fito da The Jazz Singer a 1927, kuɗi suka yi ta shigowa, sannan Jamusawa suka farga. Kamfanin Tobis da na Klangfilm suka haɗa kai a 1929, suka yi ta shari'a da Amurkawa a kan wa ya mallaki dabarar, har aka sulhunta a Paris a 1930 aka raba kasuwannin duniya. Ufa, uban kamfanonin fim na Jamus, ya gina sababbin ɗakunan ɗaukar sauti guda huɗu a Babelsberg, kuma a Disambar 1929 ya fito da Melodie des Herzens, labarin wata 'yar ƙauye da ta je aikatau Budapest ta kamu da son wani soja. Willy Fritsch ne sojan. Daga nan aka samu hanya.

To, me ya sa aka karkata ga kakin soja da fadar sarakuna da birnin Vienna? Wanda ya sayi na'ura mai tsada dole ya ba kunne abin sauraro, Vienna kuwa gidan kiɗa da rawa ce tun kaka da kakanni. Ga kuma halin da ake ciki. Tattalin arzikin duniya ya rushe a 1929, zuwa 1932 marasa aikin yi a Jamus sun kai miliyan 6. Mutumin da ya wuni a layin karɓar tallafi ba zai biya kuɗin tikiti don a sake nuna masa layin ba.

Magana kuma ta zo da nata ciwon kan: Bafaranshe ba ya jin Jamusanci. Dabarar ɗora wata murya a kan bakin ɗan wasa, irin wadda muka saba gani a fassarar finafinan Indiya, ba ta nuna ba tukuna. Sai aka riƙa ɗaukar fim ɗaya sau biyu ko uku a dandali guda, 'yan wasan Jamusanci su gama, na Faransanci su shigo. Nan Lilian Harvey ta ci kasuwa, don a London aka haife ta, kuma tana jin Turanci da Jamusanci da Faransanci.

Fim ɗin da ya tattara duk wannan shi ne Der Kongress tanzt na 1931, wanda Erik Charell ya ba da umarni, Erich Pommer ya shirya, Werner Richard Heymann ya tsara kiɗan. An kafa labarin a kan taron da sarakunan Turai suka yi a Vienna daga 1814 zuwa 1815 don raba nahiyar bayan faɗuwar Napoleon. Harvey ce Christel, mai sayar da safar hannu, wadda ta jefa furanni a keken dokin sarkin Rasha, Alexander na Ɗaya, aka ɗauka bam ne aka kama ta. Sarki ya cece ta, soyayya ta ƙullu, Metternich kuwa, ɗan siyasar Austria mai jagorantar taron, yana murna don yana so sarkin ya shagala ya bar masa taron. Akwai wani fage da har yau ake magana a kansa: Christel na cikin keken doki tana waƙa, kyamara na biye da ita daga cikin gari har bayan gari, duk wanda ta wuce ya amsa. Daga ƙarshe labari ya zo Napoleon ya gudo daga tsibirin Elba inda aka tsare shi, sarki ya tafi ya bar ta tsaye.

Tarihin ba duka na wasa ba ne. Tun 1927 Ufa na hannun Alfred Hugenberg, ɗan siyasa mai tsananin kishin ƙasa, kuma kamfanin ya yi finafinan kambama sarki Frederick na Prussia, irin su Das Flötenkonzert von Sanssouci na 1930. Ni dai a ganina wanda ya fi su duka shi ne Liebelei na Max Ophüls, na 1933, don shi ne ya nuna abin da "mutuncin soja" ke jawowa: an harbe saurayi a fito-na-fito saboda wata tsohuwar hulɗa da matar wani, budurwarsa ta faɗo daga taga.

Kafin fim ɗin ya gama zagayawa Hitler ya riga ya hau mulki. A ƙarshen Maris na 1933 Ufa ya yanke shawarar sallamar ma'aikatansa Yahudawa. Pommer da Charell da Heymann da Ophüls duk suka bar ƙasar. Salon ya ci gaba a Vienna, inda Willi Forst ya yi Maskerade a 1934, ya ci gaba a Berlin ma, amma ba masu ƙirƙirarsa. A 1937 gwamnatin Nazi ta haramta nuna Der Kongress tanzt. Otto Wallburg, wanda ya fito a matsayin dogarin sarkin Rasha yana ba 'yan kallo dariya, an kashe shi a sansanin Auschwitz a 1944.