Karen Daji da Karen Takarda

Idan kaka ta wuce, aka kwashe dawa da gyaɗa, ciyawa ta bushe a dazukan da ke kewaye da Keffi, sai a fara jin ƙaho da ganga tun da asuba. Mafarauta ke nan. Akan gan su a bakin hanyar Akwanga ko ta Nasarawa da gora da adda da barandami, kowa da igiya a hannu, karnuka biyu ko uku na fizgarsa. Karnukan ba wani kyan gani gare su ba: ƙafafu sirara, ƙugu a tsuke, haƙarƙari a fili, wani an yanke masa kunne, wani da laya a wuya. Amma mutum ya kuskura ya jefi ɗaya, sai ya gane kurensa a hannun mai shi.

Sana'ar ta girmi garin. Lokacin da Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya zauna a nan wajajen 1802 ya kewaye wurin da kafi, wanda daga gare shi sunan Keffi ya samo asali, ya tarar da Gade da Gwandara da Yeskwa suna cin arzikin dajin. Hausawa kuwa tun can sun raba aikin gida biyu. Maharbi shi kaɗai yake shiga da baka da kwari, daga baya da bindiga, yana laɓe yana sanɗa. Mafarauci da gayya yake tafiya, ƙarfinsa kuma karensa ne. Zomo, gada, gafiya, burgu, duk abin da ya tashi a gaba, kare ke bi.

Addini bai hana ba. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Malikiyya, ta yi bayanin farauta: karen da aka horar, aka sake shi da bisimilla, abin da ya kamo halal ne. Sharaɗin horo ne, ba siffa ba. Haka ma mafarauci yake auna kare. Idan zai ɗauki ɗan kwikwiyo yakan tambayi uwarsa da ubansa, ya duba faɗin ƙirji da tsawon ƙafa, ya raine shi da kunu da ragowar tuwo, don ba a kiwon kare ranar farauta. Hukunci dai sai an shiga daji. A can ake sanin mai hanci, da mai gudu, da mai riƙon da ba ya saki, kuma yawancin faɗan da ke ɓarkewa tsakanin mafarauta a kan tambaya ɗaya yake: karen wa ya fara kamawa?

Turawa ma da haka suka fara, sai suka karkata. Akwai wani kare da ake kira baset, asalinsa Faransa, sunansa daga kalmarsu mai nufin abin da ke ƙasa-ƙasa. Jikinsa na babban kare ne, ƙafafunsa na wada, kunnuwansa har suna neman jan ƙasa. Ba don ado aka ajiye shi haka ba. Hanci gare shi na ban mamaki, ga shi ba ya sauri, don haka wanda ba shi da doki zai iya bin sa a ƙafa yana shinshina sawun zomo. Karen talaka mai farauta, in an so.

A 1859 aka yi gasar nuna karnuka ta farko a Newcastle ta Ingila. A 1873 aka kafa Kennel Club, ƙungiyar da ke riƙe da littafin asalin karnuka, shekara guda bayan nan kuma wani mai suna Everett Millais ya shigo da wani baset mai suna Model daga Faransa, ya shiga nuna shi yana haɗa iri. Ƙungiyar karnuka ta Amurka ta amince da irin a 1885, babbar gasar Crufts ta soma a 1891. Daga nan takarda ta karɓi aikin daji. Aka rubuta yadda baset na ƙwarai zai kasance, gaɓa-gaɓa. A ƙa'idar Amurka kada tsayinsa a kafaɗa ya wuce inci 14, wanda ya haura 15 an fitar da shi. Kunne kuwa, idan aka ja shi gaba, ya zarce ƙarshen hanci. Alƙali yana buɗe bakin kare ya duba haƙora, ya shafa baya, ya sa a zagaya da shi fili yana kallon takunsa. Babu zomo a wurin.

Abin da alƙali ya yaba, shi masu kiwo ke ƙarawa. Kunne ya yi ta tsawo, fata ta yi ta yawa har tana naɗewa a ƙafafu, fatar ido ta saki, jiki ya yi nauyi a kan ƙafafun da dama can gajeru ne. Ciwon kunne da na ido da na baya suka zama abokan zama. A 2008 BBC ta nuna wani shiri da ya tona illar irin wannan kiwo, ta kuma daina haska Crufts. A 2012 aka sa likitocin dabbobi su duba wasu zakarun gasar kafin su wuce gaba. Shida suka faɗi, cikinsu har da baset ɗin da alƙali ya ce ya fi kowane kyau a irinsa. Masu kiwo sun yi ta kumfar baki, amma ko yaron mafarauci a Keffi zai iya gaya musu cewa wannan kare ba zai kai azahar a daji ba.

Takardar ta iso Sahel ma. A kwarin Azawak, daga arewacin Tahoua a Nijar zuwa Menaka a Mali, Buzaye na da wani dogon kare siriri da suke kira oska, mai gadin tanti da dabbobi, mai cim ma barewa a guje. A farkon shekarun 1970 wani jami'in jakadanci ɗan Yugoslabiya da Faransawan da suka yi aiki a yankin suka tafi da 'yan kaɗan Turai. Ba a daɗe ba aka rubuta masa tasa ƙa'idar a ƙarƙashin kulawar Faransa: namiji santimita 64 zuwa 74, mace 60 zuwa 70, ƙashi da tsoka su bayyana ta ƙarƙashin fata. Wato ramar da rani da gudu suka ba shi ta koma sharaɗin lashe kofi. Har launi aka ƙayyade, daga ruwan rairayi zuwa ja, da fari a ƙafafu, alhali a mahaifarsa launukan sun fi haka yawa. Kare zai iya tashi a tantin Buzu, uwa da uba duk na gida, ya je Faris alƙali ya ce bai cika Azawak ba.

A farkon 2019 ƙungiyar Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista, ta sa shi a rukunin karnukan farauta. A wannan rukuni baset yake. Ranar gasa a fili ɗaya ake zagayawa da su, ɗan Azawak yana taku kamar ba ya taɓa ƙasa, baset na biye yana jan kunne, kowanne da mai riƙe masa igiya cikin kwat.