Daga Ƙiyasi Zuwa Awo: Tarihin Umarnin EXPLAIN

Mai rubuta tambaya da harshen SQL abin da yake so kawai yake faɗa wa rumbun bayanai. Zaɓen hanyar samo shi aikin manhaja ne. A shekarar 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta a cibiyar binciken IBM da ke San Jose suka wallafa yadda manhajar System R ke yin wannan zaɓe. Takan ƙiyasta shafuka nawa za a ɗauko daga faifai, ta haɗa da aikin da injin zai yi, sannan ta bi hanya mafi araha. Wannan ƙiyasi ne umarnin EXPLAIN yake baje wa mutum.

To amma ƙiyasi daban, awo daban. Manhaja kan yi tsammanin layi goma, ta tarar da dubbai. Shi ya sa a 2002 manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ta zo da EXPLAIN ANALYZE a sigarta ta 7.2, wanda ke gudanar da tambayar da gaske, ya faɗi lokacin da kowane mataki ya ci. Da gaske ɗin nan ba wasa ba ne: wanda ya gwada shi a kan umarnin gogewa, bayanansa sun tafi.

Shi ma lokacin yana yaudara. Tambayar da ta yi nauyi a karon farko sai ta zo da sauri a karo na biyu, don shafukan sun riga sun shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yawan shafukan da aka taɓa, kowanne kilobait 8, shi ne bai cika canzawa ba. A 2010 siga ta 9.0 ta PostgreSQL ta ƙara zaɓin BUFFERS, wanda ke rarrabe shafukan da aka tarar a ƙwaƙwalwar rumbun da waɗanda sai da aka karanto su daga waje. Manhajar MySQL kuwa sai 2019 ta samu nata EXPLAIN ANALYZE.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jinkirin da ya biyo baya. Shekara 15 BUFFERS na nan, amma sai wanda ya san da shi ya kira shi da suna, alhali shafuka ne abin da Selinger ta fara ƙirgawa tun 1979. Sai a siga ta 18 ta PostgreSQL, a watan Satumban 2025, aka sa ƙidayar shafukan ta riƙa fitowa da kanta duk lokacin da aka yi EXPLAIN ANALYZE.