Kula da Gulabe da Tafkunan Wanka da Iyo a Yankin Dandin Mahe

Gabatarwa

Dandin Mahe na cikin Ƙaramar Hukumar Shagari, wadda ke maƙwabtaka da Boɗinga a kudancin birnin Sakkwato. Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan damina kan cika rafuka da fadamu da tafkunan yankin, haka nan madatsar ruwa ta Shagari kan riƙe ruwa har cikin rani. A waɗannan wurare yara ke iyo, ake wanki, ake shayar da dabbobi, ake kuma su. Saboda haka muke ganin wajibi ne a riƙa duba kowane mashigi da wurin wanka sau biyu a shekara, wato da faɗuwar damina da kuma bayan janyewar ruwa.

Abubuwan da Ake Dubawa

Na farko shi ne zurfi da ƙarfin ruwa. Ambaliya kan sauya ƙasan gulbi, ta haƙa rami a inda bara yaro ke tsayawa da ƙafarsa. Ramukan da ake ɗibar yashi ko ƙasar gini su ma kan zama tarko. Masunta da Sarkin Ruwa su suka fi sanin waɗannan wurare, don haka da su za a auna a kafa alama.

Na biyu shi ne cuta. Tsargiya, wadda alamarta fitsarin jini, tana yaɗuwa ne idan mai ɗauke da ita ya yi fitsari cikin ruwa. Ƙwayayenta kan shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan su fito su huda fatar mai wanka. Ruwa kwantacce mai ciyayi ya fi haɗari. Ana warkar da ita da maganin Praziquantel.

Na uku shi ne ƙazanta. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003, waɗanda aka sabunta a 2021, sun haɗa hanyoyi biyu: gwajin ruwa a ɗakin bincike, da zagayawa bakin ruwa domin gano inda ƙazanta ke shiga. Jami'in tsabta na iya yin na biyun da ƙafa, ya lura da bahaya a fili, da juji, da kashin dabbobi, da wurin wanke tankin feshi.

Darasi daga Shagari da Argungu

A watan Afrilu na 2022 kifewar kwale-kwale ta halaka mutum 29 'yan ƙauyen Gidan Magana, sannan a watan Mayu na 2023 wani ya kife da yara 'yan Dandeji da suka tafi neman itace. Duka biyun a Ƙaramar Hukumar Shagari suka auku. Allah Ya jiƙan su. Wannan ya nuna mana muhimmancin taƙaita lodi da sanya rigar kariya daga nutsewa.

A Argungu kuwa, hana su a Matan Fada sai lokacin biki ya taimaka wajen kiyaye kifin wurin, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Nauyin da ke Kanmu

Muna kira ga hakimai da masu unguwanni da kansiloli su ware wurin wanka a saman ruwa, mashayar dabbobi da wurin wanki a ƙasa. A hana zuba guba domin kama kifi, kamar yadda dokar tarayya ta 1992 ta haramta. A bar itatuwa da ciyayin gaɓa domin su riƙe ƙasa. Iyaye kada su bar yara su shiga ruwa ba tare da babba ba, kuma duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti mafi kusa, a kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma sunan ruwan da yake shiga.