Fawaliftin

Fawaliftin wasa ne na gwada ƙarfi, inda ɗan wasa yake ƙoƙarin ɗaga ƙarfe mafi nauyi da zai iya, sau ɗaya tak, a salo uku: tsuguno, turi a kan benci, da cira daga ƙasa. Sunan ya fito daga Turanci ne. A ƙasar Hausa akan haɗa shi da sauran danginsa a kira su ɗaga ƙarfe ko ɗaga nauyi. Ana ba kowane ɗan wasa dama uku a kowane salo, sannan a tara mafi nauyin abin da alƙalai suka amince masa da shi a salon uku. Wanda jimillarsa ta fi yawa a rukuninsa shi ne ya ci gasar.

Wasan ya bambanta da ɗaga nauyi irin na gasar Olamfik, wanda ake fizgar ƙarfe a kai shi sama da kai. Ya kuma bambanta da gasar gina jiki, wadda ake duba siffar tsoka. A fawaliftin ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa, domin ƙarfen da aka ɗaga ba bisa ƙa'ida ba, daidai yake da wanda ba a ɗaga ba. Sababbin 'yan wasa da yawa sukan faɗi a gasarsu ta farko saboda rashin sanin doka ko kuskuren zaɓen nauyi, alhali ƙarfin yana nan.

Tarihi

Wasan ya taso ne a Amurka da Ingila a tsakiyar ƙarni na 20, daga cikin atisayen da masu ɗaga nauyi suke yi don ƙara ƙarfi. A hankali aka tsayar da salo uku da ake yi a yau. An yi gasar duniya ta farko a shekarar 1971 a garin York na jihar Pennsylvania. A shekarar 1972 aka kafa hukumar wasan ta duniya, wato IPF, wadda ta shirya gasarta ta farko a 1973. Mata sun sami tasu gasar ta duniya a 1980.

Har yanzu fawaliftin bai shiga gasar Olamfik ba, amma wani reshensa yana cikin gasar nakasassu ta duniya, wato Faralimfik, tun 1984. Akwai hukumomi da dama da suke shirya gasa, kuma dokokinsu sukan ɗan saɓa. Dokokin da aka kawo a wannan maƙala na IPF ne.

Salon ɗagawa uku

Ana yin su ne a jere kamar haka, kuma ba a sauya jerin.

Tsuguno. Ɗan wasa zai ɗora sandar ƙarfen a bayan kafaɗunsa, ya ja da baya daga maɗori, ya miƙe tsaye. Idan babban alƙali ya ce "sukwat", sai ya tsuguna har gaɓar ƙugunsa ta yi ƙasa da saman gwiwarsa, sannan ya miƙe. Ba zai mayar da ƙarfen ba sai alƙali ya ce "rak". Rashin kaiwa ƙasa sosai shi ne laifin da ya fi yawa a wannan salo.

Turin benci. Ɗan wasa zai kwanta rigingine, kansa da kafaɗunsa da mazauninsa suna manne da benci, tafin ƙafafunsa a ƙasa. Umarni uku ne a nan: "sitat" don ya sauke ƙarfen zuwa ƙirji, "fires" bayan ƙarfen ya tsaya cak a ƙirjin, da "rak" bayan ya miƙe hannuwansa. Tazarar da ke tsakanin hannuwan biyu ba za ta wuce santimita 81 ba. Wanda ya saba buga ƙarfe a ƙirji ya tashi da shi yakan sha wuya da wannan tsayawar.

Cira daga ƙasa. Ƙarfen yana ajiye a ƙasa, sai ɗan wasa ya sunkuya ya ciro shi har ya miƙe, gwiwoyinsa a miƙe, kafaɗunsa a baya. Babu umarnin farawa, sai na saukewa, wato "dawun". Ba a yarda ƙarfen ya koma ƙasa ko kaɗan a tsakiyar cira ba, ba a jingina shi a cinya, kuma ba a sakinsa ya faɗi.

Tsarin gasa

Alƙalai uku ne suke zama, ɗaya a gaba, biyu a gefe. Kowanne yana da fitila fara da ja. Farare biyu sun isa a karɓi ɗagawa. Daga lokacin da aka sanar cewa an shirya ƙarfe, ɗan wasa yana da minti ɗaya ya fara. Bayan ya sauka kuma yana da minti ɗaya ya miƙa nauyin da yake so a zagaye na gaba.

Sandar ƙarfen tana da nauyin kilo 20. Fayafayan da ake zura mata suna da launi: ja kilo 25, shuɗi kilo 20, rawaya kilo 15. Ana ƙara nauyi da kilo biyu da rabi ko ninkinsa, sai dai in ana neman kafa tarihi.

Ana auna 'yan wasa sa'o'i biyu kafin a fara, a raba su rukuni-rukuni:

Maza: kilo 59, 66, 74, 83, 93, 105, 120, da sama da 120.

Mata: kilo 47, 52, 57, 63, 69, 76, 84, da sama da 84.

Idan mutum biyu suka yi kunnen doki a jimilla, wanda ya fi rashin nauyin jiki shi ne a gaba. Akwai kuma rabon shekaru: matasa daga 14 zuwa 18, sai 19 zuwa 23, sai rukunin kowa da kowa, sai na manya daga shekara 40.

Dokoki biyu ne suka fi shafar sabon ɗan wasa. Ta farko, idan ya gwada wani nauyi ya kasa, ba shi da ikon ragewa. Ko dai ya maimaita, ko ya ƙara. Ta biyu, idan ya kasa duka dama uku a salo ɗaya, ba shi da jimilla, ya fita daga lissafin gasar ko da ya fi kowa a sauran salon biyu.

Shirin gasar farko

Masu horarwa sukan ware makonni 8 zuwa 12 don shiri. A makonnin farko ana maimaita ɗagawa da yawa da matsakaicin nauyi. Da an doshi gasa sai a riƙa ƙara nauyi ana rage yawan maimaici, har a kai sau ɗaya ko biyu. A makon ƙarshe ana sassauta atisaye ƙwarai don gajiya ta sake jiki. Ƙarfin da ba a samu a watanni ba, ba za a same shi a kwana bakwai ba, kuma gwada iyakar ƙarfi dab da gasa yakan jawo targaɗe ko ciwon baya.

Sabawa da umarni. Tun makonni kafin gasa, ana so a sami abokin atisaye da zai riƙa ba da umarni kamar alƙali, ya kuma tsaya a gefe ya duba zurfin tsuguno. Ɗaukar bidiyo da waya daga gefe, daidai tsayin ƙugu, yana nuna gaskiyar zurfin fiye da yadda mutum yake ji a jikinsa.

Zaɓen nauyi. Nauyin buɗewa shi ne mafi muhimmanci, tunda ba a komawa baya. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a buɗe da nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau uku a jere ko a ranar da bai ji daɗin jikinsa ba, wato kimanin kashi 90 cikin 100 na iyakar ƙarfinsa. Misali, mai iya tsuguno da kilo 150 zai buɗe da 135, ya bi da 142.5 ko 145, sannan ya duba yadda na biyun ya tashi kafin ya zaɓi na uku. Mai buɗewa da iyakarsa don burge 'yan kallo yakan tashi a tutar babu.

Nauyin jiki. Ba a ba sabon ɗan wasa shawarar ya matse kansa da yunwa ko ƙishirwa don ya shiga ƙaramin rukuni. Sa'o'i biyu ba su isa jiki ya mayar da ruwan da ya rasa ba. Ya fi kyau ya shiga rukunin da nauyinsa ya kai shi.

Kayan sawa. Ana buƙatar rigar gasa mai haɗe da wando wadda take kama jiki, riga mai gajeren hannu a ciki, takalmi, da doguwar safa mai rufe ƙwauri don cira daga ƙasa. An yarda da bel wanda faɗinsa bai wuce santimita 10 ba, da abin ɗaure wuyan hannu da na gwiwa. Alƙalai suna duba kaya kafin a fara. Ana shafa alli a tafin hannu don kada gumi ya sa ƙarfe ya suɓuce.

Ranar gasa. Gasa takan ɗauki sa'o'i da dama, saboda haka ana zuwa da ruwa da abincin da ciki ya saba da shi, kamar shinkafa, burodi, ayaba ko dabino. Ba ranar gwada sabon abinci ba ce. Ana ɗumama jiki a bayan fage, ana hawa daga sanda zalla har kusa da nauyin buɗewa, a gama 'yan mintuna kafin a kira suna.

Magunguna. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta magungunan ƙara tsoka da na sa fitsari. Daga 1 ga Janairu 2024 ta haramta tiramadol a lokacin gasa. A doka, ɗan wasa ne yake ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da bai san yana cikin abin da ya sha ba. Wannan ya shafi haɗe-haɗen ƙarin kuzari da ake sayarwa ba tare da bayanin abin da ke ciki ba.

Fawaliftin na nakasassu

A wannan reshe salo ɗaya ake yi, wato turin benci. Ɗan wasa yana kwanciya da ƙafafunsa a miƙe a kan bencin, akan kuma ɗaure su da maɗauri. Rukuni goma ne na maza, goma na mata. An fara damawa da mata a gasar Sidni ta 2000. Siamand Rahman na Iran ya tura kilo 310 a gasar Riyo ta 2016.

A nan ne Najeriya ta yi suna a duniya. Monday Emoghavwe ya ci zinare a 1992 da 1996 da 2000. A gasar Landan ta 2012, lambobi 12 daga cikin 13 da Najeriya ta samu daga wannan wasa suka fito, shida daga ciki zinare ne. A Riyo an sake cin zinare shida. A Tokiyo, Latifat Tijani da Bose Omolayo da Folashade Oluwafemiayo sun ci zinare. A Faris a 2024, Onyinyechi Mark ta tura kilo 150, Folashade kuma ta tura 167, dukansu sun kafa tarihin duniya. Lucy Ejike, wadda cutar shan inna ta kama tana ƙarama, ta ci lamba a gasa shida a jere daga 2000, uku daga ciki zinare. Abuja ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta wasan a watan Fabrairu 2020, kuma yana cikin wasannin da jihohi suke fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa.

A ƙasar Hausa

Gwada ƙarfi tsohon abu ne a wurin Hausawa, amma ta hanyar kokawa da dambe aka san shi. A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni da Isa har zuwa Maraɗi, kokawa ce wasan samari bayan an kawar da amfanin gona. A Nijar ta zama wasan ƙasa, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ne ya fara cin takobin gasar ƙasa a 1975. A kasuwannin yankin, irin ta Gatawa, 'yan dako suna ciccibar buhunan gero da wake a matsayin sana'a. Cirar buhu daga ƙasa tana kama da salo na uku, sai dai buhu ana rungumarsa ne, ƙarfe kuwa da tafin hannu ake riƙe shi.

Matasa masu sha'awar ɗaga ƙarfe a ƙauyuka da unguwanni sukan haɗa kayansu da kansu, su zuba siminti a gwangwani ko roba su soka bututun ƙarfe. Wannan yana gina ƙarfi, amma yana da matsala ga mai shirin gasa. Ba a san ainihin nauyinsa ba, gefe ɗaya yakan fi ɗaya, kuma kaurin bututun da tsayinsa daga ƙasa ba irin na gasa ba ne. Auna kowane dunƙule a sikelin 'yan kasuwa yana rage matsalar, amma kafin a tsayar da nauyin buɗewa ana so a gwada sanda da fayafai na ainihi, waɗanda aka fi samu a manyan birane kamar Sakkwato, Kano da Kaduna. Ga mazauna gabashin Sakkwato, kuɗin mota da matsalar tsaro a hanyoyi suna ƙara wahalar wannan tafiya.

Yanayi ma yana da tasiri. Daga Maris zuwa Mayu zafi a yankin yakan wuce digiri 40, shi ya sa ake yin atisaye da sassafe ko bayan la'asar. A watan azumi akan mayar da shi bayan buɗa-baki, a kuma rage yawansa. Abincin gida kamar tuwo, wake, gyaɗa, ƙwai, nono da fura yana ba da abin da jiki yake buƙata idan an ci isasshe.

Yankin arewa yana da mutane da yawa da shan inna ya nakasa kafin a ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na daji a watan Agusta 2020. Da yawansu sun gina ƙarfin hannu da kafaɗa ta hanyar tuƙa keken guragu. Hanyar shiga gasar nakasassu takan fara ne daga hukumar wasanni ta jiha, sannan ƙwararru su tantance irin nakasar kafin a ba ɗan wasa izinin shiga gasa.