Daga Kwanon Jere Zuwa Rawani: Baƙuncin Sinawa a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a 'yan shekarun nan, ta Gidan Mutum Ɗaya har ya ratsa Kankia, ya ga ma'aikatan kamfanin CCECC da hulunansu na kwano suna aikin faɗaɗa titi. Da yawa daga mutanen Kankia da Kusada a nan suka fara ganin Basine ido da ido, shi ya sa ake ɗaukar zuwansu sabon abu. Alhali kayan da Sinawa suka ƙera a ƙasar nan sun riga mu shiga ɗakunan iyayenmu.

Rukunin farko ba daga Beijin suka zo ba. Masu masana'antu ne, akasari 'yan yankin Shanghai, da suka tsallaka Hong Kong wajajen 1949 lokacin da 'yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin. Hong Kong tana hannun Ingila a lokacin, Nijeriya ma haka har 1960, don haka hanya ta yi musu sauƙi. Sun kafa masana'antun kwanukan ƙarfe masu fenti, irin waɗanda ake yi wa amarya jere da su, daga baya suka shiga roba da silifa. Iyalan Lee da ke Kano daga wannan rukunin suke. A Kaduna kuma, Cha Chi Ming, wanda aka haifa a 1914 a lardin Zhejiang, ya kafa masaƙar UNTL a 1964, shekara bakwai kafin Nijeriya da Sin su ƙulla huldar jakadanci a Fabrairun 1971. Masaƙar ta yi rassa har Gusau da Funtuwa, kuma audugar manoman ƙasar Katsina tana cikin abin da ya riƙe irin waɗannan masaƙu. Ya rasu a 2007, shekarar da masaƙar Kaduna ta rufe ƙofa.

Lissafa shekarun da kanka. Iyalin da ya sauka a farkon shekarun 1960 yanzu yana da jikoki. To, mutumin da kakansa ya zauna a Kano, ubansa ya yi aiki a Bompai ko Sharaɗa, shi kuma ya tashi da Hausa a kunnensa, me za mu kira shi? Mu dai har yau "ɗan Chana" muke cewa, kalmar da muke jifan caja da ba ta kwana biyu da ita.

Su kansu Sinawa sun raba sunayen. Wanda ke zaune a waje amma yana riƙe da fasfon Sin suna ce masa "huwaciyau", ma'anarta ta yi kusa da ɗan ci-rani. Wanda aka haifa a waje, jinin Sin kawai gare shi, shi ne "huwayi". Dokar ƙasarsu ta 1980 ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, ke nan wanda ya karɓi takardar zama ɗan Nijeriya ya saki waccan. Tsarin mulkinmu na 1999 kuwa yana neman baƙo ya yi shekara 15 a ƙasar kafin ya nema. Ƙofar a buɗe take, amma kuɗin shigarta shi ne rabuwa da gida.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tarihi shi ne, ƙasar Hausa ta saba haɗiye baƙi. Wangarawa sun zo daga Mali sun narke. Agalawa da asalinsu na Abzin ne sun zama Hausawa har suka fitar da Alhassan Ɗantata. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa cikin birnin Kano, jikokinsu yau ba mai tambayar su daga ina. Idan ka duba yadda aka yi, abubuwa uku ne suka yi aikin: sallah a sahu ɗaya, auratayya, da zama cikin unguwa inda za a ga mutum a wurin suna da jana'iza. Kwarori sun tsaya a tsakiya. Suna jin Hausa kamar jakin Kano, wasu sun yi auratayya da mu, amma sunan Kwara bai bar su ba. Sinawan farko sun ma fi su nisa. Gidajensu a harabar masana'anta suke ko a bayan dogayen katangu, 'ya'ya kuma sau da yawa waje ake tura su karatu. Aiki ya haɗa mu, unguwa ba ta haɗa mu ba.

Rukuni na biyu ya zo ne bayan 2000, daga babban yankin Sin, kuma ba masana'anta suka fara kawowa ba, atamfa da shadda suka kawo, a daidai lokacin da 'yan kasuwarmu ke tafiya Gwanzu. Waɗannan sun shiga kasuwa da ƙafarsu, sun koyi ciniki da Hausa, wasu har da sunayen Hausawa. Kusancin ya zo da rigima. A Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama Sinawa 45 a Kantin Kwari bisa zargin kasuwancin da doka ba ta ba su dama ba, a 2015 kuma marina suka yi zanga-zanga a Kano kan yadin da ake shigowa da shi rinanne. Sai ga shi a Afrilun 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wa wani ɗan kasuwa, Mike Zhang, rawanin Wakilin 'Yan China.

Mutane sun yi ta yaɗa hoton Basine da rawani da alkyabba suna cewa ya zama ɗan gida. Ni ba haka na karanta shi ba. Sarautar wakilci tsohuwar dabarar fada ce ta zama da baƙi, irin ta Sarkin Yarbawa a garuruwanmu, ko Sarkin Hausawa a Sabo ta Ibadan. Tana ba al'umma bakin da za ta yi magana da shi a gaban sarki, tana kuma tabbatar da cewa al'ummar daban take. An ba su kujera a zaure, ba a ba su ɗaki a cikin gida ba.

Ga mai neman abin rubutawa, wurin da labarin ya fi zafi shi ne yaron da uwarsa Bahaushiya ce, ubansa Basine. Sashe na 25 na tsarin mulki ya ce wanda aka haifa a Nijeriya, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa. Amma ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma za a tambaye shi, ita kuma a al'adance ta wajen uba ake bin ta. Mai unguwa zai sa hannu, dagaci zai sa, hakimi zai sa, kuma kowannensu tambayar farko da zai yi ita ce, "Ɗan gidan wa ne?" A ce yaron a Kusada uwarsa ta goya shi, a makarantar allon unguwarsu ya yi sauka, abokan wasansa suna kiransa ɗan Chana tun yana rarrafe, uban kuma kwangila ta ƙare ya koma. Yana tsaye a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma da fom a hannu, layin garin uba ne kaɗai bai cike ba.