Asalin Sunan Keita da Yaɗuwarsa

A ƙasar Manden, wadda ta shimfiɗu a bakin Kogin Kwara tsakanin kudancin Mali da arewacin Gini, ba a cika gaisuwa ba sai an ambaci sunan zuriyar mutum, wanda su ke kira jamu. Idan baƙo ya faɗi nasa, sai mai gida ya maimaita masa shi da murya mai ƙarfi, ya ce "I Keita", domin a wurinsu kiran mutum da sunan kakanninsa shi ne matuƙar girmamawa. Daga cikin sunayen nan kuwa babu wanda ya kai Keita nauyi, sabili da shi ne na gidan da ya kafa Daular Mali.

Maroƙan fada, waɗanda nasabar sarakuna ke hannunsu tun kaka da kakanni, suna riwaito cewa mahaifin Sunjata, Nare Magan, daga gidan Konate ya ke, kuma laƙabin Keita ya tabbata ne ga ɗansa da zuriyarsa, ma'anarsa kuwa a fassarar da ta fi shahara ita ce mai ɗaukar gado. Sunjata ɗin nan, wanda Ibn Khaldun ya ambata da sunan Mari Jata, shi ne ya dawo daga gudun hijira ya karya Sumanguru Kante, Sarkin Soso, a yaƙin Kirina wajen shekarar 1235, har mulki ya zauna a gidansu, aka yi ta gadonsa zuwa zamanin Mansa Musa, wanda hajjinsa na 1324 ya sa sunan Mali ya shahara a Misira da Hijaz. Maroƙan ba su tsaya nan ba, sai da suka kai silsilar ga Bilali Bunama, watau Sayyidina Bilal, ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan riwaya ba ta da isnadin da malaman hadisi za su karɓa, amma ta nuna yadda gidajen sarautar Bilad al-Sudan, bayan shigarsu Musulunci, suka riƙa neman tushe daga gabas.

Da daular ta raunana, 'ya'yan sarauta suka watsu suna kafa ƙananan masarautu, mafi daraja ita ce Kangaba, inda har yau ake sabunta jinkar ɗakin Kamablon duk shekara bakwai, maroƙan gidan Jabate na garin Kela suna jero nasabar gidan. Sai dai wanda ya ɗauka cewa duk mai wannan suna jinin Sunjata ne ya yi nisa da gaskiya, domin bayi da 'yantattu da barori da masu neman mafaka sun riƙa ɗaukar jamun iyayen gijinsu, kamar yadda mawali suka yi a cikin ƙabilun Larabawa. Da Faransawa suka zo da rajistar haihuwa da ta haraji, sai alƙalami ya ɗaure kowa da sunan da aka same shi da shi.

Ta haka sunan ya yawaita a Mali da Gini, ya shiga Senegal da Gambiya da Kwaddibuwa da Burkina Faso, daga baya cirani ya kai shi Faransa. Modibo Keita ya shugabanci Mali daga 1960 zuwa 1968, Ibrahim Bubakar Keita daga 2013 zuwa 2020; mawaƙi Salif Keita kuwa sai da ya saɓa wa al'adar gidansu kafin ya yi waƙa, tunda sana'ar ta maroƙa ce, ba ta 'ya'yan sarauta ba.

Kada mai karatu ya haɗa Keita da Kaita ta ƙasar Katsina, irin ta Alhaji Isa Kaita, tsohon Wazirin Katsina, domin Kaita sunan gari ne, bisa al'adar 'yan makarantar boko na da, da ake rubuta su da sunan garinsu.