Gyaɗa, Haraji da Dokar Daji: Tarihin Lalacewar Ƙasar Noma a Maraɗi

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana zancen lalacewar ƙasar noma a arewacin ƙasar Hausa, akan ɗora laifin a kan fari da kwararowar hamada. Wannan ra'ayi ya daɗe. A 1935 wani masanin gandun daji Bature, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa kudu. Amma kwamitin Ingila da Faransa da ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai sami shaidar hakan ba. A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa fari ya tarar da ƙasar Maraɗi ta riga ta jigata ne, kuma hannun ɗan Adam ne ya jigata ta.

Mafarin Al'amarin

Kafin zuwan Turawa, yaƙe-yaƙe sun takure jama'a kusa da Gulbin Maraɗi. Da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka bazu cikin daji suna sassabe. Har ila yau aka ɗora musu harajin da dole a biya da kuɗi, hanyar samun kuɗin kuwa ita ce gyaɗa, wadda kasuwarta ta buɗe tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Gonaki suka faɗaɗa, aka rage barin saura, wato hutun da ke mayar wa ƙasa ƙarfinta, makiyaya kuma suka rasa wuraren kiwo.

Bugu da ƙari, dokar gandun daji ta 1935 ta sa itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin ikon hukuma. Manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, tara kawai yake jawo masa, don haka ya daina renonsa. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, iska ta sami fili ta kwashe ƙasa.

Misalin Kano

Yawan jama'a kaɗai bai isa hujja ba. Karkarar Kano ta fi Maraɗi cunkoso nesa ba kusa ba, amma binciken Michael Mortimore tun daga shekarun 1960 ya nuna manomanta na nome gona kowace shekara ba tare da ta mutu ba, saboda takin da suke kai mata da itatuwan da suke tsarewa.

Kammalawa

Bayan farin 1984 manoman Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato renon tohon kututture maimakon ƙone shi, kuma da aka sassauta dokar daji itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Abin da za mu fahimta shi ne, manomi yakan kula da ƙasa gwargwadon tabbacinsa na cin moriyarta. Duk shirin yaƙi da hamada da ya manta da wannan, zai dasa itacen da ba wanda zai ba shi ruwa.